Muhawara: a ajiye fensir a nazare sai yaro ya cika shekara biyar?

Malama Rabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ga maganar da nake so mu baje, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Yaron da bai cika shekara 5 ba, bai kamata a ɗora masa littafin kwafe da aikin gida ba. A ajiye fensir. Shekarun nan biyu, daga 3 zuwa 5, a ƙarar da su wajen cika masa baki da magana, a cika masa kai da sanin duniyar da yake ciki, hannunsa kuma ya iya hidimar kansa: wanke hannu, ɓalla maɓalli, ɗaure tazuge, zuba ruwa a kofi bai malalar ba.

Hujjata ta farko hannun yaron ne. Masu auna girman yara sun daɗe da sanin jerin. Wajen shekara 3 yaro yake iya kwaikwayon da'ira. Wajen 4 ya iya gicciye layi biyu. Tsakanin 4 da 5 ya iya murabba'i. Alwatika sai wajen 5, domin layin da ya karkace shi ne na ƙarshe da hannu yake kamawa. To ku dubi A, K, M, N, W, Y da Z, duk karkatattun layuka ne. Ranar farko a Nazare 1 me ake miƙa wa ɗan shekara 3? A. Harafin da hannunsa sai nan da shekara biyu zai iya shi. Sai malama ta kama hannun ta ja, ko uwa ta cike shafin da dare da hannun hagu don rubutun ya yi kama da na yaro. Shi kuwa abin da ya koya, ya damƙi fensir kamar taɓarya, ya danna har takarda ta huje. Wannan riƙon idan ya zauna masa, malamin aji uku zai sha wuya kafin ya warware shi.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam Malama. Batun hannu ban musa ba. Amma ki duba wa za a cutar idan aka ajiye fensirin. Ɗan gidan boko yana da littattafai a falo, yayyensa suna karatu a gabansa, uwarsa tana nuna masa harafi a jikin gwangwanin madara. Ko kin kulle fensir a akwati, shi zai shiga aji ɗaya da haruffansa. Ɗan mai faci da ɗan mai ƙosai ba su da inda za su ga harafi sai ajinki. Kin ɗauke musu wannan kin ba su tatsuniya, alhali tatsuniya kyauta ce a tsakar gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma kar mu yaudari kanmu, makarantun kuɗi da dama sai sun gwada yaro kafin su karɓe shi aji ɗaya, gwajin kuwa rubuta haruffa ne da lambobi.

Hajiya Asabe:
Malam Sani, tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Sannan wace tsakar gidan kake nufi da tatsuniya kyauta? Kakar da ke tara jikoki bayan isha'i tana ƙauye, su suna ɗakin haya a birni, waya tana hannun kowa. Ka shiga Nazare 2 ka ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ka ƙirga bakin da zai amsa "Ta zo mu ji ta". Za ka sha mamaki.

Dakta Bello:
Abin da Malam Sani ya taɓo yana da suna, kuma ya kamata mu san asalinsa kafin mu ci gaba. Masanin zamantakewa ɗan Faransa, Pierre Bourdieu, shi ya yaɗa kalmar da za mu iya kira jarin al'ada. Nufinsa, bayan kuɗi akwai wata dukiya da yaro ke gada a gida: irin kalmomin da ya sani, yadda yake magana da manya, abubuwan da ya taɓa gani, sabonsa da littafi. Makaranta tana ba wa wani nau'in wannan dukiya maki, tana yin kamar hazaƙar yaron ce, alhali gado ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, wannan ita ce maganar a taƙaice.

Abin lura, shi Bourdieu zargin makaranta yake yi. A 2019 hukumar duba makarantu ta Ingila, Ofsted, ta sa kalmar cikin ma'aunin da take duba makarantu da shi, har da na yara ƙanana, ta mayar da ita wani abu da ake sa ran malami ya ba yaro: muhimmin sanin da zai buƙata don gaba. Nan gardama ta tashi a can, kuma ita ce tamu yau. Sanin wa? Idan aka ce jari shi ne gidan tarihi da kiɗan fiyano, to ɗan talaka ya zo hannu rabbana. Idan kuwa aka ƙirga abin da ya zo da shi, ɗan shekara 4 a Kano yana iya zuwa da sura biyar a ka, ya san gaisuwar safe da ta gajiya da ta rashin lafiya, ya san bambancin gero da dawa tun suna gona, an aike shi kanti ya dawo da canji daidai. Nazaren da ta fara da "A for apple" ta share wannan duka ta fara daga sifili, da ɗan itacen da yaron bai taɓa ganin bishiyarsa ba.

Malam Sani:
Allah ya ƙara sani Dakta, amma ka ƙarfafa ni ne ba ka sani ba. Idan makaranta tana ba wa wani nau'in jari maki, to aikinmu mu ba ɗan talaka wannan nau'in da wuri. Jarrabawa ba ta tambayar bambancin gero da dawa.

Hajiya Asabe:
Tana tambaya ɗana, ta bayan gida. Karatu kashi biyu ne, gane harafi da fahimtar abin da aka karanta. Gane harafi ana koyar da shi cikin watanni idan yaro ya isa. Fahimta kuwa kalmomi ne da sanin yadda labari ke tafiya, su kuma shekaru suke ci. Shi ya sa ake samun ɗan aji huɗu yana karanta shafi tiryan-tiryan, ka tambaye shi me ya faru ya zuba maka ido.

Amma na yarda da kai a wuri ɗaya: tatsuniyar da ake yi a yawancin azuzuwa ɓata lokaci ce. Malama ta zauna a kujera tana zuba, yara suna hamma. Ga yadda ake yinta ta zama darasi. Tatsuniya ɗaya ake riƙewa mako guda, ba sabuwa kullum ba. Minti 10 ga 'yan shekara 3, minti 15 ga 'yan 4, a kan tabarma, malama ma a ƙasa. Kafin ki fara ki zaɓi kalmomi uku da kike so su fita da su, misali a labarin Gizo da Ƙoƙi: rumbu, kwaɗayi, dabara. Litinin ki ba da labarin kai tsaye, kina sauya murya, da tsamin bakin Gizo da komai. Talata ki maimaita, amma ki riƙa tsayawa su ƙarasa miki. Laraba tambaya, kuma ba irin ta "waye ya shiga rumbu" kaɗai ba, har da "me ya sa", da "da kai ne me za ka yi". Alhamis su taka labarin da kansu, wannan Gizo, waccan Ƙoƙi, kwali ya zama rumbu. Juma'a yaro ɗaya-ɗaya ya ba da labarin, da zane uku a gabansa: farko, tsakiya, ƙarshe. Inda ake faɗuwa shi ne malama ta riƙa gyara wa yaro magana yana tsakiyar labari. Sau biyu kika katse shi ya rufe baki har ƙarshen zango. Ki bari ya kai ƙurunƙus, sannan ki maimaita jimlar daidai kamar kina jin daɗinta.

(Wani uba zai ce ba a tatsuniya da rana. Camfin nan don a hana yara barin aiki aka yi shi, a nan kuwa tatsuniyar ce aikin.)

Kacici-kacici minti uku ya ishe shi. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Kada ki faɗi amsar. Ki ɗauko tsintsiya ki ajiye tare da buta da faifai, su zaɓa, su faɗi dalili.

Malama Rabi:
Hajiya ta gama magana. Ina ƙara cewa ajiye fensir ba ya nufin ajiye sauti. Kunne ne ke fara karatu kafin ido. "Da kwaɗo da ƙato suka tafi ƙoto" wasa ne a wurin yaro, amma yana raba masa k da ƙ. Tafa gaɓoɓin suna: A-mi-na uku, Mu-sa biyu. Wa sunansa ya fara kamar "buta"? Bala ya miƙe, Binta ta miƙe. Hausa tana da sauƙi a nan domin yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. Yaron da ya ji cewa "baki" ba ne da ki, ranar da aka nuna masa harafi haɗawa kawai zai yi. A kan wannan hanyar aka gina shirye-shiryen karatu da Hausa irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, sai dai su na 'yan firamare ne. Aikin nazare ta miƙa musu yaron da kunnensa ya buɗe.

Malam Sani:
To mu sauko ƙasa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan matakin, kuma ta ce wasa ne babbar hanyar koyarwa. Kowa ya san takardar. Ajin share fage na makarantar gwamnati kuwa, tun da aka ƙara shekara ɗayan nan kafin firamare a manufar 2013, yara 60 ne ko 70, malama ɗaya, wani lokaci ma wadda aka ga ta gaji da koyar da manyan azuzuwa ce aka turo. Ki ce mata "wasa", minti biyar an fasa wa wani baki. Kwafe daga allo da rera haruffa ba don suna da kyau ake yinsu ba, don su ne kaɗai ke zaunar da yara 70 wuri ɗaya. Ku ba ni tsarin da mace ɗaya za ta iya, ba na littafi ba.

Malama Rabi:
Wannan tambaya ce ta gaskiya Malam, ga amsa. Yara 60 a raba su gida shida, goma-goma, kowane gida da suna da launin zare a wuyan hannu don kar a yi ta gardamar wa ke ina. Tabarma shida, kowace da aikinta, kuma kayan kowace tabarma a kwali ɗaya:

Tabarmar yumɓu, ana mulmula ƙwallo da igiya da ƴar tukunya. Tabarmar zare, ana zura guntayen kara ko murafen roba da aka huda. Tabarmar yashi, faifai ko tire biyar, yara biyu kowane, ana zana layi da da'ira da yatsa. Tabarmar ƙirga, murafen roba 100 da kofuna 12. Tabarmar sutura, tsofaffin riguna masu maɓalli da zif da wando mai tazuge. Tabarmar shida ita ce ta malama, nan ake magana da sauti.

Minti 12 ake juyawa, da tafi ko ƙararrawa. A rana juyi uku ya isa, gobe a ƙarasa sauran ukun. Ke nan kowane yaro yana samun zama da malama cikin 'yan goma sau biyu ko uku a mako, abin da ba ya samu ko sau ɗaya a shekara idan tana gaban allo.

Abin da ke rusa tsarin guda biyu ne. Na farko, buɗe tabarma shida rana ɗaya. Mako na farko tabarma ɗaya ake koyarwa, kowa yana kallo: yadda ake ɗauko kwali, yadda ake mayarwa. Sai a mako na shida ake cika shida. Na biyu, kaya ba su kai yawan hannu ba. Yara goma da zare bakwai faɗa ne, ba makawa. Ko yaushe kayan su fi yaran da biyu.

Yumɓu da zare da maɓalli su ne suke gina yatsu ukun da za su riƙe fensir. Ba a bar rubutu ba, harsashinsa ake haƙawa. Tun 1907 da Maria Montessori, likita 'yar Italiya masaniyar ilimin yara, ta buɗe gidan yaranta a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum, da irin waɗannan ayyukan ta fara, zuba ruwa da ɓalla maɓalli da share tebur, kuma 'ya'yan leburori ne ba na masu kuɗi ba.

Maman Hanif:
Ku yi haƙuri in shigo ta ɓangaren lafiya, domin kayan da ake lissafawa suna iya kai yaro asibiti. Duk abin da zai wuce ta cikin kwalin tsakiyar tishu, bai dace da ɗan ƙasa da shekara 3 ba, zai iya shaƙe shi. 'Yan 3 zuwa 4 ma a guji wake, masara da ƙananan tsakuwa a tabarmar da malama ba ta zaune. Ƙwayar wake idan ta shiga hanci tana jiƙa ta kumbura. Kada a sa tsinke ko ashana a ce za a ciro, turawa ake yi ciki, a kai asibiti. Murfin lemo na ƙarfe yana yanka, na roba za a tara, a wanke da sabulu duk Juma'a. Yashi a rufe shi da buhu bayan tashi saboda kyanwa. Abin wasa mai ƙaramin batiri kamar maɓalli kada ya shigo aji sam, haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin awanni. Bokitin ruwa kuma ba a barin sa a buɗe inda yara suke, ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro idan ya faɗa da ka.

Wanke hannu kuwa, roba ɗaya da yara 60 ke tsoma hannu a ciki raba cuta ce. A yi famfon galan. Galan mai lita 5, a gasa ƙusa a huda rami ɗaya a kafaɗarsa ƙasa da murfi, a huda wani kusa da mariƙi don iska. A zura sanda ta mariƙin a ɗora kan sanduna biyu masu baki biyu, tsayin ƙirjin yaro, ba na malama ba. A ɗaura igiya daga wuyan galan zuwa wata sanda a ƙasa, yaro ya taka, galan ya sunkuya. Sabulu a huda shi a rataye da igiya, in ba haka ba kwana ɗaya zai yi. Ƙasa a haƙa ɗan rami a cika da tsakuwa don kar wurin ya zama taɓo. Cuɗawa daƙiƙa 20: tafi, baya, tsakanin yatsu, babban yatsa, farce. Ku yi lissafi, idan kowane yaro ya ci daƙiƙa 40, yara 60 a galan ɗaya minti 40 ne, tara ta ƙare ba a ci komai ba, shi ya sa ake dainawa bayan mako biyu. Galan huɗu, minti 10.

Hajiya Asabe:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Tun da an zo kan hidimar kai, a kula da abu ɗaya. A wasu makarantu da an ce "koyon aikin rayuwa" sai ka ga mata suna shara da ɗebo ruwa, maza suna ƙwallo. Ko kuma yara su koma masu share ofishin shugaba. Jadawalin aiki a manna shi a bango da zane, ya riƙa zagayawa kan kowa: mai raba kofi, mai naɗe tabarma, mai ba shuka ruwa, mai duba galan. Aikin ajinsu, da kayan da ya yi daidai da hannunsu, tsintsiya a rage mata tsawo. Abin da ya wuce minti biyar ya zama bauta.

Malam Isuhu:
Gaisuwa daga Damagaram. Kuna ta zancen fensir, ni kuwa ina ganin harshe ne gindin maganar. A nan Nijar tun 1973 aka fara makarantun gwaji da ke koyarwa da Hausa kafin Faransanci, a Damagaram aka fara. Ku ma kuna da gwajin Ife na Farfesa Babs Fafunwa da aka fara a 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Abin mamaki, a 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, a watan Nuwamban shekarar kuma ministan ilimin Najeriya Tunji Alausa ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022. Ko me takarda ta ce, ɗan shekara 3 da aka hana shi Hausa a aji an hana shi tambaya, an hana shi ba da labari, an bar masa maimaitawa kawai. Duk tsarin Hajiya na Litinin zuwa Juma'a ba zai yiwu da harshen da yaro ya san kalma 20 a cikinsa ba.

Malam Sani:
Malam Isuhu, a nan kam ba za mu rabu ba, sai dai in ƙara sharaɗi. Turancin baka ya shigo kullum, minti 15 zuwa 20, da waƙa da umarni da abin da ake gani: tashi, zauna, kawo kofi, taɓa hanci. Domin a ƙarshe da shi za a yi jarrabawa. Matsalar da ake samu ita ce cakuɗawa, malama ta faɗi jimla da Turanci ta fassara nan take. Yaro ya gane fassara na zuwa, sai ya toshe kunne ya jira. Lokacin Turanci a yi Turanci da nuni, lokacin Hausa a yi Hausa mai kyau.

Amma fensir ban sake shi ba. Dakta, kai da ke da bincike a ka, akwai hujjar cewa koyar da harafi da wuri yana cutarwa, ko dai ra'ayi ne?

Dakta Bello:
Akwai abin da ya kamata ya sa kowa a cikinku ya rage murya. A jihar Tennessee ta Amurka an bi yara kusan 3,000 'yan gidajen marasa ƙarfi, waɗanda ƙuri'a ta raba, wasu suka samu gurbin ajin share fage na gwamnati, wasu ba su samu ba. Da shiga makaranta waɗanda suka yi ajin sun fi sanin harafi da lamba. Ba a daɗe ba sauran suka kamo su. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna a aji shida 'yan share fagen sun koma baya a jarrabawa, kuma sun fi shiga matsalar ladabtarwa. Binciken bai tabbatar da dalili ba, amma masu shi sun karkata ga yawan zaunar da yara ana yi musu darasi. Wannan naka ne Malam Sani: ribar harafin wuri tana iya zama ta ɗan lokaci.

Ga na Malama Rabi. Shirin share fage na Perry da ake yawan kafa hujja da shi, a garin Ypsilanti na jihar Michigan daga 1962, yara 123 ne kacal, 58 suka shiga shirin. Da aka bi su har suka manyanta, sun fi kammala sakandare, sun fi samun kuɗi, an fi ƙarancin kama su. Amma malama ɗaya yara kamar shida take riƙewa, awa biyu da rabi kullum, kuma duk mako tana zuwa gidan kowane yaro. Wasan ma ba sakaka ba ne, yaro zai faɗi abin da zai yi, ya yi, ya dawo ya ba da bayani. Wanda ya ɗauko sakamakon Perry ya ɗora wa aji mai yara 70 ya yi ha'inci.

Wanda ya fi kama da halinmu na Jamaika ne. A Kingston, a 1986 zuwa 1987, an ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata 9 zuwa 24. Ma'aikatan lafiya na unguwa suna zuwa wasu gidajen awa ɗaya duk mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗannan yaran suna samun kuɗin da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Uwa aka koya wa, ba fensir aka raba ba.

Malama Rabi:
Na karɓi gyara Dakta. Kuma akwai wani jari da ba mu ambata ba, wanda ɗan gidan boko ke zuwa da shi, namu kuma tarbiyya ta hana shi: yi wa babba tambaya. A gida an koya masa sunkuyar da kai, kada ya kalli idon babba, kada ya tsoma baki. Ladabi ne mai kyau, kada a rushe shi. Amma a aji malama tana ɗaukar shirun nan rashin ƙoƙari. Sai an koyar da shi a fili cewa kowane wuri da irin ladabinsa, a aji tambaya ita ce ladabi. Hanya mai sauƙi, jakar tambaya. A sa abu ɗaya a jaka, ludayi ko ƙwarya ko makulli, ba a buɗewa sai an yi tambaya biyar. Ana ci? Yana da nauyi? Na kicin ne? Makon farko malama ce za ta riƙa ba su tambayar a baki.

Haka riƙe littafi. Yaron Islamiyya ya saba buɗewa daga dama, kuma daidai ne a can. A nuna masa wannan daga nan ake buɗe shi, wancan daga can, yatsa yana bin layi. Ba kuskure ya yi ba, hanya biyu zai sani.

Malam Isuhu:
Fita gani da ido fa? Kullum ana cewa a kai yara gidan tarihi, kuɗin mota ya hana.

Hajiya Asabe:
Wanda ke cikin Kano ya kai 'yan shekara 5 Gidan Makama ko marinar Ƙofar Mata, ya yi kyau, amma babba ɗaya ga yara biyar, kuma a marina rijiyoyi ne a buɗe, sai an riƙe hannu. Sauran kuwa mota ba dole ba ce. Tela, maƙeri, mai saƙar tabarma, ma'aikaciyar asibiti, duk suna cikin iyayen yaran. Mutum ɗaya a wata, minti 20, ya zo da kayan aikinsa a taɓa. Kwana ɗaya kafin ya zo yara su shirya tambaya uku, washegari su zana abin da suka gani su faɗa, malama ta rubuta maganarsu a ƙasan zanen suna kallo. A nan yaro ke gane cewa rubutu magana ce da aka ajiye.

Shuka ma fita ce. Gwangwanin madara kowane yaro, rami uku a gindi, wake biyu da aka jiƙa kwana ɗaya, zurfin gaɓar yatsa, malama na tsaye ana shukawa saboda gargaɗin Maman Hanif. A shuka Alhamis, Litinin an tarar ya tsiro. Abin da ke kashe shi ruwa ne, kowa na son ya ba nasa sau goma, sai ya ruɓe. Murfin kwalba biyu a rana, shi ke nan. A shuka gwangwani goma na ajiya don wanda nasa ya ƙi, kuma a ɗaga su daga inda akuya za ta kai.

Malam Sani:
Ranki ya daɗe, duk na ji. Saura guda ɗaya, kuma ita ce ke rufe makaranta. Ƙarshen zango uba ya zo, maƙwabcinsa yana nuna masa littafin ɗansa cike da 1 zuwa 100. Me zan ɗora masa a hannu?

Malama Rabi:
Kada ka ɗora masa komai, ka zaunar da shi ya gani. Zuba murafe 12 a gaban yaron da ke rera 1 zuwa 100, ka ce "ba ni biyar". Da yawa za su ɗebo cikin hannu su miƙo, ko su ƙirga bakinsu na gudu yatsa na baya. Rerawa daban, sanin cewa lambar ƙarshe ita ce yawan abin daban. Ɗan shekara 4 da zai ba ka biyar daidai, ka ƙara ɗaya ya ce shida bai sake ƙirgawa ba, ya fi mai ɗari a baki nisa. Takardar sakamako ta zama abin da uba zai gwada a gida da kansa: yana ba da labari mai farko da ƙarshe, yana faɗin cikakken sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, yana sa takalmi ƙafa daidai, yana zagayawa ya wanke hannu ba a tuna masa ba, yana jiran layi, yana gane sunansa a rubuce cikin sunaye biyar.

Malam Sani:
Wannan takardar zan iya kare ta a gaban iyaye. Na janye aikin gida da littafin kwafe a Nazare 1 gaba ɗaya. Amma shekara 5 ɗin da kika kafa ta yi tsauri. Akwai 'yar shekara 4 da rabi da ke zana alwatika tsaf tana roƙon a nuna mata sunanta. Ita ma a hana ta? Ni a wurina ma'aunin ya zama hannu, ba takardar haihuwa ba, wadda ma rabin yaran ba su da ita. Wanda ya zana alwatika, a ba shi fensir.

Malama Rabi:
Idan alwatika ce ma'aunin, ba matsin iyaye ba, mun kusa haɗuwa. Sai dai a fara da gawayi ko alli a bango yana tsaye, sannan allo, sannan takarda marar layi. Fensirin kuma a karya shi biyu. Guntu mai tsawon ɗan yatsa ba ya damƙuwa a tafi, dole yatsu uku su riƙe shi. Kuma a fara da haruffa masu miƙaƙƙen layi, L, T, H, E, F, a bar A ɗin nan taku zuwa gaba.

Malam Sani:
A ɗin dai sai Amina da Abubakar sun yarda, don da ita sunansu ya fara.